Jirgin da ba ya shan mai, da ƙanena da ya nace sai injiniyancin jiragen sama

Babban_Yaya_KN:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, na kuma san akwai injiniyoyi da malamai a cikinmu. Ƙanena ya gama sakandare bana, ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba abin da zai karanta sai injiniyancin jiragen sama da na sararin samaniya. Alhajinmu likitanci yake so ya yi, in ya gagara to injiniyan gine-gine. Ni aka ɗora wa shawo kansa, tunda ni zan biya kuɗin makaranta. Yaron yana da kai, lissafi ba ya ba shi wuya. Abin da ke ɗaure min kai shi ne kullum sai ya nuna min bidiyon wani inji wai shi EmDrive, da ake cewa yana tura kumbo ba tare da an ƙona mai ba, da wani kuma da zai sa a wuce haske gudu. Ya ce irin wannan aikin yake so. To akwai gaskiya a waɗannan abubuwa? Sannan ɗan Kano da ya karanta wannan fanni, ina zai ci abinci?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi masa albarka. Don Allah kada ku kashe masa gwiwa kafin a ji ta bakin masana, yaran yanzu da yawa ba su ma san abin da suke so ba.

Malamin_Fiziks:
Wa alaikumus salam Yaya. Zan ɗauki tambayar farko, ta biyun in bar wa masu aikin. EmDrive wani injiniya ɗan Ingila, Roger Shawyer, ya fito da shi wajen shekarar 2001. Mazubi ne na jan ƙarfe a rufe ruf, ana cusa masa igiyoyin makirowef a ciki, wai sai ya riƙa matsawa gaba ba tare da ya fitar da komai ta baya ba. A nan gizo ke saƙar. Duk abin da ke tafiya a sama, tun daga farfela har roka, sai ya tura wani abu baya kafin shi ya yi gaba. Dokar Newton ta uku ke nan, wadda muke koyar da yara a sakandare. Wanda ya zauna cikin mota ya rufe ƙofa ya yi ta tura sitiyari, motar ba za ta gusa ba.

Abin da ya sa maganar ta yi ƙarfi, a 2016 wata ƙaramar tawaga a NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ƙarƙashin Harold White ta wallafa cewa ta auno ɗan turi kaɗan. Shi masu bidiyo ke riƙe da shi har yau. Amma a 2021 Farfesa Martin Tajmar da mutanensa a jami'ar Dresden ta Jamus sun sake gwajin da ma'auni mafi kyau, suka gano zafin na'urar ne ke lanƙwasa wurin da aka ɗaure ta, sai ma'aunin ya nuna kamar akwai turi. Da suka gyara ɗaurin, turin ya ɓace. Ka nuna wa yaron wannan, domin yadda aka kama kuskuren shi kansa darasi ne na injiniyanci.

Dan_Gwale:
Malam ban yarda an rufe maganar ba. Waɗannan mutanen ba sa nuna abin da suke da shi. Jirgin yaƙin Amurka F-117 shekara nawa ya yi yana tashi duniya ba ta sani ba? Sansanin Area 51 fa, da suka yi ta musun akwai shi? Abin da suka bari muka gani ya tsufa a wajensu. Ni na tabbata akwai jiragen da ba sa amfani da mai, ɓoyewa kawai ake yi.

Injiniya_Tudun_Wada:
Dan_Gwale rabin maganarka gaskiya ce. F-117 ya fara tashi a 1981, ba a bayyana shi ba sai Nuwamban 1988. Area 51 kuma sai a 2013 takardun CIA suka ambace shi ƙarara. Ɓoyo kam ana yi.

Sai dai duba abin da aka tarar da aka yaye mayafin. F-117 kananzir ɗin jirgi yake sha kamar kowa, da injin jet guda biyu. Sirrinsa siffar jikinsa ce mai kusurwa-kusurwa da ke karkatar da igiyoyin rada, kuma lissafin da aka gina ta a kai wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Pyotr Ufimtsev, ya wallafa shi a fili tun 1962. Haka jirgin leƙen asiri SR-71, wanda Kelly Johnson da sashen Skunk Works na kamfanin Lockheed suka ƙera, ya fara tashi a Disambar 1964. A Yulin 1976 ya yi gudun kilomita 3,529 a awa, kuma har yanzu ba jirgin jet mai ɗauke da matuƙi da ya karya wannan a hukumance. Me ya ba su wahala? Zafi. A irin wannan gudun gogayya da matsin iska na sa fatar jirgi ta haura digiri 300, alminiyam ba zai jure ba, dole suka koma ƙarfen titaniyam, wanda ba wanda ya iya sarrafa shi da yawa a lokacin, har kayan aikin yankansa sai da suka ƙirƙira. Jikin jirgin ma da ɗan sako-sako aka haɗa shi don ya samu wurin buɗewa in ya yi zafi, shi ya sa a ƙasa mai ke ɗiga daga tankunansa. Duk wanda aka taɓa ɓoyewa daga baya aka bayyana, gwanintar ƙira aka ɓoye a cikinsa, ba wata sabuwar dokar halitta ba.

Dan_Gwale:
Wanda aka bayyana ke nan Injiniya. Wanda ba a bayyana ba fa?

Sarkin_Gudu:
Gyara kaɗan ga masu cewa SR-71 ne jirgi mafi gudu a tarihi, ina yawan jin haka. X-15 ya ninka shi. Ranar 3 ga Oktoban 1967 William Knight ya kai ninki 6.7 na gudun sauti da shi, kilomita 7,274 a awa. Neil Armstrong ma ya tuƙa shi sau 7 kafin ya je wata.

Injiniya_Tudun_Wada:
Haka ne Sarkin_Gudu, shi ya sa na ce jirgin jet. X-15 roka ce mai fukafukai. Ba ya tashi da kansa, jirgin B-52 ke ɗaukarsa a ƙarƙashin fiffike ya sake shi a sama, injinsa ya ƙone ammoniya da ruwan oksijin cikin kamar daƙiƙa 90, sauran tafiyar duk lilo ne har ya sauka a busasshen tafki a hamadar Kalifoniya. Guda 3 aka ƙera, suka yi tashi 199 daga 1959 zuwa 1968. Kuma an biya da rai: Michael Adams ya mutu a cikinsa a Nuwamban 1967. Shi kansa jirgin da Knight ya kafa tarihi da shi zafi ya huda masa jiki a ranar, bai sake tashi ba.

Hajiya_Lecturer:
Ina jin daɗin bayanin, amma kun bar bawan Allah da tambayarsa ta biyu. Abinci ya tambaya.

Makanikin_Jirgi:
To Hajiya bari in shigo, tunda a jikin jirgi nake wuni. Yaya, abu uku mutanenmu ke haɗawa su kira su abu ɗaya. Akwai matuƙi. Akwai injiniyan gyara da kula da jirgi, irina, wanda sai ya sa hannu a takarda kafin jirgi ya tashi. Akwai kuma injiniyan ƙira, mai zana fiffike ko inji tun babu shi. Ƙaninku na ukun yake so, kuma shi ne wanda ya fi ƙarancin gurbi a ƙasar nan, domin ba mu da masana'antar ƙera jiragen fasinja.

Na biyun kuwa akwai aiki. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, tana horar da masu gyara, sannan mutum ya ci jarrabawar lasisi ta NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ya kuma samu shaidar ƙwarewa a kan nau'in jirgi, misali Boeing 737 ko Embraer. Mai wannan lasisin ba ya rasa inda zai sa kansa, a nan ko a ƙasashen Larabawa. Amma kada a yi wa yaro ƙarya: aikin dare ne da yawa, ƙarƙashin fiffike, da tocila da littafin umarni, kuma ko ƙusa ɗaya ba ka da ikon canza mata tsari da ra'ayinka. Wanda ransa ke kan ƙirƙira zai iya jin an ɗaure shi.

Shawarata, ya yi digirin farko a injiniyancin kanikanci ko na lantarki a Bayero ko ABU, in ya gama ya ɗora digiri na biyu a fannin jirage. In sama ta ƙi, ƙasa na nan.

Dalibar_Mando:
Yallabai Makaniki, da girmamawa, ban goyi bayan a ce kowa sai ya zagaya ta kanikanci ba. Ni a Kaduna nake karanta wannan fannin kai tsaye, a cibiyar AFIT ta sojan sama, kuma farar hula ne da yawa a ajinmu. Jami'ar jihar Kwara da ke Malete ma tana da sashen. Darussan shekarun farko kusan ɗaya ne da na 'yan kanikanci: lissafi, ƙarfin kayan ƙira, zafi da makamashi, tafiyar ruwa da iska. Wanda ya gama ba abin da zai hana shi aiki a kamfanin mai ko na wutar lantarki, injin tabain na gas ɗan'uwan injin jet ne. Bambancin shi ne tun kana ƙarami kana cikin masu magana irin taka. Kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a ƙera komai a nan. An haɗa ƙananan jiragen horo na Air Beetle a Kaduna, an ƙaddamar da jirgi maras matuƙi Gulma a 2013, sai Tsaigumi a 2018.

Makanikin_Jirgi:
Allah ya ba da sa'a ƙanwata, ina alfahari da ku. Amma Air Beetle zanen wani kamfanin Amurka ne aka ɗauko aka yi wa gyare-gyare, Tsaigumi kuma da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal aka yi shi. Ba raini ba ne, kowa da haka ya fara. Tambayata ita ce mutum nawa waɗannan ayyuka za su ɗauka a shekara, idan aka kwatanta da masu gamawa.

Mai_Sola_Zariya:
Ni ne amsar tambayar. Na karanta fannin a waje da tallafin karatu, na dawo da sakamako mai kyau, na yi bautar ƙasa, na kai takardu duk inda ake kaiwa. Wani wurin aka ce babu gurbi, wani wurin aka ce in kawo wasiƙar babban mutum. Yau sola nake haɗa wa gidaje da asibitoci, alhamdu lillahi ina rufa wa kaina asiri har da yara a ƙarƙashina. Ilimin bai tafi a banza ba, shi ya sa lissafin batir da lodi ba ya ba ni tsoro. Amma ciwon yana nan, duk sanda jirgi ya wuce sai na ɗaga kai. Yaya, in za ku bar shi, ku bar shi da sanin cewa hakan na iya faruwa.

Ba_Damagare:
Salamu alaikum 'yan'uwa, daga Damagaram. Kun yi ta ambaton Amurka, bari in tuna muku wani jirgin gwaji da ya ratsa samaniyarmu. Ran 30 ga watan Yunin 1973 an yi husufin rana mai tsawo da ya bi ta Muritaniya, Mali, arewacin Nijar da Cadi. Masana suka ɗauki Concorde na farko, wato jirgin fasinja mai wuce gudun sauti, wanda shi ma na gwaji ne, suka huda tagogi a rufinsa, suka tashi daga tsibiran Kanari suna bin inuwar wata da gudu ninki biyu na sauti. Mutumin da ke ƙasa minti 7 ya samu mafi yawa. Su sun zauna cikin duhun minti 74, sannan suka sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Tsofaffinmu na wajen Agadas har yanzu suna ba da labarin ranar.

Ga batun karatu kuma, muna da makarantar EAMAC a Yamai, ta ASECNA, hukumar tsaron zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da injiniyoyin na'urori da masana yanayi. Wanda ya iya Faransanci kuma birnin Tulus na Faransa ne cibiyar, can Airbus yake da babbar makarantar ISAE-SUPAERO.

Ummu_Hanifa:
Ikon Allah. To me ya kashe Concorde ɗin, tunda ya kai haka?

Sarkin_Gudu:
Kuɗi da ƙara, Anti. Fasinja kamar 100 kawai yake ɗauka, yana shan mai ba kaɗan ba, tikitinsa sai attajirai. Sannan duk jirgin da ya wuce gudun sauti yana jan wata ƙara kamar aradu a duk inda ya bi, har gilashi takan fasa. A 1973 Amurka ta hana jiragen farar hula irin wannan gudun a kan ƙasarta, sai ya zama a kan teku kawai yake sakin jiki. Ga haɗarin Faris na Yulin 2000. A 2003 aka ajiye shi.

Amma ba a haƙura ba. NASA da Lockheed Martin sun ƙera X-59, tsawonsa kusan mita 30, kusan kashi ɗaya cikin uku duk hanci ne siriri, don ya rarraba matsin iskar kada ya taru ya fashe lokaci guda. Saboda tsawon hancin matuƙi ba shi da taga ta gaba, kyamara da allo yake kallo. Ya yi tashinsa na farko a Oktoban 2025. Wani kamfani mai zaman kansa kuma, Boom, ya wuce gudun sauti da ƙaramin jirginsa XB-1 a Janairun 2025.

Yar_Texas:
Sannunku da ƙoƙari. Ina aiki a wannan fanni a Amurka, a wani kamfani mai yi wa manyan kamfanoni sassan jirgi, kuma akwai abin da nake so Yaya ya sani tun yanzu. Irin jiragen da ake ta ambata a sama, X kaza da X kaza, da roka, da duk abin da ya shafi soja, suna ƙarƙashin wata doka da ake kira ITAR. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama ta dindindin, ko zanen ba a yarda ya gani ba. Ayyukan sirri kuwa sai cikakken ɗan ƙasa da aka tantance. Na ga ɗalibai masu hazaƙa daga Indiya da Najeriya sun gama digiri na uku sun tarar ƙofar a kulle, suka koma kamfanonin mota ko na kwamfuta. Ba a cika faɗa wa yara wannan ba kafin iyaye su sayar da gona.

Ƙofar ba a toshe take gaba ɗaya ba. Cheick Modibo Diarra ɗan Mali ya yi aiki a cibiyar JPL ta NASA, har da aikin kumbon Mars Pathfinder da aka aika duniyar Mars, kafin ya koma gida ya zama firaminista a 2012. Wendy Okolo, wadda ta yi sakandare a Legas, tana bincike a cibiyar Ames ta NASA. Hanya ce mai tsawo, yawanci ta digiri na biyu da na uku.

Sannan aikin kansa. Ba mutum ɗaya ke ƙera jirgi ba. Ni aikina lissafin gajiyar ƙarfe: wannan ɗan maƙalin zai jure tashi da sauka sau nawa kafin ya fara tsagewa. Sai in yi watanni a kan abu ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Kuma ina son aikin, domin na san tarihinsa. A 1954 jiragen Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama. Don a gano dalili sai da aka nutsar da gangar jirgi sukutum cikin tankin ruwa a Farnborough, ana ƙara matsi ana ragewa, har tsaga ta fito daga kusurwar wata kafa a jikinsa. Duk fasinjan da ya sauka lafiya yau yana cin albarkacin wannan binciken. In yaron zai iya son irin wannan, to ya dace da fannin. In sai injin wuce haske kawai, zai gaji tun shekara ta biyu.

Dalibar_Mando:
Anti Yar_Texas na gode, wannan ya shafe ni ni ma. Amma ba Amurka kaɗai ba ce yanzu. Turkiyya ta ƙera jirgi maras matuƙi Bayraktar, har Nijar da Najeriya sun saya, kuma suna ba da tallafin karatu. Sin da Indiya da Brazil duk suna ƙira. Injiniyoyinmu na NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, su suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da hannunsu a Surrey ta Ingila, aka harba shi a 2011.

Zango_Kumasi:
Mu ma nan Gana ɗaliban jami'ar All Nations da ke Koforidua sun haɗa GhanaSat-1 tare da wata jami'ar Japan, aka harba a 2017. Ɗan ƙarami ne, kilo ɗaya. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi ma tana koyar da fannin. Ƙaramin tauraro da jirgi maras matuƙi, nan ne ƙofarmu take a ganina.

Malamin_Fiziks:
Bari in koma kan mafarkin yaron, don kada a ce mun rushe masa komai. Tafiya ba tare da ƙona mai ba akwai ta, kuma ba a ɓoye take ba. A 2010 Japan ta harba IKAROS, wani shimfiɗeɗɗen mayafi siriri mai faɗin mita 14 kowane gefe, wanda hasken rana kaɗai ke turawa. Bai saɓa wa Newton ba, domin haske na da ɗan turi in ya bugi abu ya dawo. Akwai kuma injin ayon, mai amfani da lantarki ya harba iskar zenon ta baya da gudu mai tsanani. Kumbon Dawn da aka harba a 2007 turin injinsa bai kai nauyin giram 10 ba, amma da yake yana aiki shekara da shekaru, da kilo 425 na zenon ya je ya zagaya Vesta a 2011, ya tashi ya koma Ceres a 2015, wato manyan duwatsu biyu da ke kewaya rana tsakanin duniyar Mars da Jupita. Rokar gargajiya ba za ta iya wannan da irin wannan guzurin ba. A cikin iskarmu ma, jirgin Solar Impulse 2 ya zagaya duniya daga 2015 zuwa 2016 da hasken rana zalla, sannan a 2018 Steven Barrett da ɗalibansa a jami'ar MIT ta Amurka suka tashi wani ɗan jirgi mai fiffike mita 5 wanda ba farfela ba abin da ke juyawa a jikinsa, lantarki mai ƙarfin bolt 40,000 ke tura iskar. Mita 60 ya yi a cikin ɗakin wasanni.

Na wuce haske kuwa, asalinsa takarda ce da Miguel Alcubierre ɗan Meziko ya rubuta a 1994. Ya nuna a lissafin Einstein za a iya tunanin a matse sarari a gaban kumbo a buɗa shi a bayansa. Amma lissafin na buƙatar wani nau'in makamashi da ke ƙasa da sifili, mai yawan gaske, wanda ba wanda ya san yadda za a tara shi. Aikin masana lissafi ne a kan allo, ba a kai ga ƙera ko ƙusa ɗaya ba.

Mai_Sola_Zariya:
Malam ka ƙara musu da cewa Solar Impulse mutum ɗaya yake ɗauka, da fiffike mita 72, ya fi na Boeing 747 faɗi, gudunsa kuma bai wuce na mota ba. Matsalar batir ce. Kilo ɗaya na batirin litiyam mai kyau yana riƙe kamar wat-awa 250. Kilo ɗaya na man jirgi kusan 12,000. Ko an cire asarar da injin mai ke yi, tazarar na da girma, ga shi mai yana raguwa jirgi na yin sauƙi, batir kuwa nauyinsa na nan har sauka. NASA ma ta rufe aikin jirginta na lantarki X-57 a 2023 bai taɓa tashi ba. Wanda ya warware matsalar batir ya fi mai EmDrive amfani nesa ba kusa ba.

Dan_Gwale:
To nukiliya fa? Ai jiragen ruwa na yaƙi suna shekaru ba su sha mai ba. Kuna so ku ce min ba su sa shi a jirgin sama ba?

Injiniya_Tudun_Wada:
Sun gwada, kuma a rubuce yake. Daga 1955 zuwa 1957 Amurka ta yi ta tashi da wani jirgi NB-36H ɗauke da tukunyar nukiliya mai aiki, sau 47, don a ga ko za a iya kare ma'aikata daga tururin. Tukunyar ba ita ke tura jirgin ba. Garkuwar dalma da roba da aka yi wa ɗakin matuƙa kaɗai ta kai tan 11, ga tambayar da ba ta da amsa: in ya faɗo a gari fa? Kennedy ya soke shirin a 1961. Jirgin ruwa nauyi ba ya damunsa, jirgin sama kuwa kowane kilo abokin gaba ne.

A roka ne nukiliya ke da ma'ana. Shirin NERVA ya gwada injina a hamadar Nevada a shekarun 1960: tukunya ta gasa haidirojin ya fita ta baya, kuma kowane kilo na mai yana ba da kusan ninki biyu na abin da rokar gargajiya mafi kyau ke bayarwa. Injin ya yi aiki, kuɗi ne aka yanke a farkon shekarun 1970. Daga baya an farfaɗo da maganar da sunan DRACO, aka sake sokewa a 2025. Wannan ma darasi ne ga mai son shiga fannin. Kamfanin Reaction Engines na Ingila ya yi shekara 35 yana aikin injin SABRE, mai shaƙar iska a ƙasa ya koma roka a sama, ya durƙushe a Oktoban 2024 injin bai tashi ba. Akwai mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a kansa.

Sarkin_Gudu:
Injiniya kada a manta da sikiramjet, wanda shi kam ya tashi. Ba shi da farfela a ciki, gudun jirgin ne ke danna iskar, kuma sai an kunna wuta a cikin iskar da ke wucewa fiye da gudun sauti. X-43A ya kai ninki 9.6 a Nuwamban 2004, amma daƙiƙa 10 kacal injin ya yi. X-51A ya yi daƙiƙa 210 a 2013. Duka ba matuƙi, kuma sai roka ta fara kai su gudun kafin injin ya kama.

Hajiya_Lecturer:
Ni abin da na lura a aji, yaran da ke zuwa da irin wannan zazzafan buri kashi biyu ne. Wasu bidiyon suke so, da an kawo lissafin kalkulas sai su yi sanyi. Wasu kuma bidiyon ne ya jawo su amma lissafin ya riƙe su. Ba za ka gane wanne ne naka ba sai ka gwada shi. Ka saya masa ƙaramar mota ta lantarki da batir da kwalin kumfa, ka ce ya haɗa jirgin da zai tashi ya sauka ba tare da ya karye ba, ya rubuta nauyinsa da faɗin fiffikensa da dalilin da ya sa ya zaɓe su. Ya fara koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a waya ko kwamfuta. In bayan faɗuwa biyar yana nan yana gyara, ku je ku roƙi Alhaji. Kuma kada a tilasta masa likitanci, likitan da ba ya son aikinsa haɗari ne ga jama'a.

Babban_Yaya_KN:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Na ba shi wayar ya karanta tun daga farko. Maganar Dresden ta ɗan taɓa shi, ya yi shiru, amma sai ga shi yana tambayata yadda injin ayon ke aiki da dalilin da ya sa ba za a iya tashi da shi daga ƙasa ba. Alhaji kuma da na karanta masa bayanin Mai_Sola sai ya ce ai ga abin da yake gudu nan. Yanzu rigimar ta koma tsakanin shawarar Makaniki da ta Dalibar_Mando, ga rajistar JAMB na matsowa.

Malamin_Fiziks:
Ka ce masa turin bai kai giram 10 ba, injin kansa kuma ya fi haka nauyi sau ɗaruruwa, ko kansa ba zai ɗaga ba. Sai a sarari inda ba abin da ke riƙe shi. Darussan JAMB ɗin dai ɗaya ne ko wanne ya zaɓa: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri.

Dan_Gwale:
Na karanta duka, na kuma ƙaru da batun NB-36H. Amma ni har yanzu ina kan bakata, shekara 20 nan gaba za a fito da abin da yau ake cewa ba zai yiwu ba. A bar yaro ya karanta.

Makanikin_Jirgi:
Ya karanta mana, ba wanda ya hana. Ni dai kanikanci na ce ya sa a zaɓin farko. Yaya, nawa ya samu a lissafi da fiziks a WAEC? Kuma in ya samu gurbi a Kaduna ko Malete, za ku iya ɗaukar kuɗin makaranta da na zama har shekara biyar? A fara da wannan.

Dalibar_Mando:
Yallabai ni kuma na ce ya sa fannin jirage a farko, kanikanci a na biyu. Yaya in za ku shigo Kaduna ku zo da shi ya ga wurin da idonsa, ya yi magana da 'yan aji huɗu da biyar, su za su faɗa masa inda waɗanda suka gama bara suke yanzu.